Yadda Motar Zamani Ta Ke Tashi

A zamanin da, sai an zura ƙarfe a gaban mota an juya da ƙarfi kafin inji ya tashi. A shekarar 1912 ne aka fara sa wa motar Cadillac ta Amurka sitata mai aiki da batir, wadda Charles Kettering ya ƙera. Yau kuwa yawancin motocin da a ke kawo mana suna da ƙaramar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar mota. In ba ta yarda ba, mota ba ta tashi.

Ga yadda abin ya ke. Cikin kan makulli akwai wata 'yar na'ura mai ɗauke da lambar asiri. Da direba ya murɗa makulli, sai ƙwaƙwalwar ta karanta lambar. An yi wannan dabara saboda ɓarayi, har ƙasar Jamus ta tilasta ta ga sababbin motoci tun 1998.

Sa'an nan batir mai bolt 12 ya aika wuta zuwa sitata. Ita kuma ta tura ƙaramin haƙorinta ya kama babban faifan inji, ta juya shi. Wata na'ura tana lura da juyin nan, tana sanar da ƙwaƙwalwa. In lambar makulli ta yi daidai, sai ƙwaƙwalwa ta sa a fesa fetur, fulogi kuma ya ba da tartsatsi a daidai lokaci. Shi ke nan, inji ya tashi.

To, 'yan'uwa, a ƙauye mota ɗaya ce ta ke kai hatsi kasuwa, ita ce kuma ta ke kai mai naƙuda asibiti da dare. Saboda haka a lura da abu uku.

Na ɗaya, makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma ba zai tayar da inji ba sai an shigar da lambarsa. A nemi na biyu tun da wuri, a adana shi.

Na biyu, in batir ya mutu sarai, turi ba zai yi amfani ba, gama ƙwaƙwalwa da famfon mai duka suna bukatar wuta. A riƙa goge kawunan batir, a ɗaure su sosai.

Na uku, kada a bar kowa ya yanke wayoyi bisa ga zato. A kai wa mai na'urar bincike, gama kuɗin bincike bai kai na sabuwar ƙwaƙwalwa ba.

Allah ya kiyaye hanya.