Azare: Ribar Haɗin Gwiwar Miji Da Mata A Sana'ar Hoton Biki

A garin Azare, hedikwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, shagalin aure kashi biyu ne. Maza kan taru a masallaci ko ƙofar gida domin ɗaurin aure, yayin da mata ke gudanar da kamu, sa lalle da buɗar kai a cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga. Don haka rabin cinikin kaɗai mai hoto namiji ke samu.

Wannan giɓi ne ma'auratan da suka haɗa jari ke cikewa. Maigida ya ɗauki taron maza, uwargida ta shiga wajen amarya, su karɓi aikin biki guda baki ɗaya ba tare da biyan ɗan haya ba. Iyaye ma sun fi sakin jiki da matar aure, domin hoton amarya amana ne.

Sai dai sana'ar na da wahalhalunta. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a shekarar 2023, kuɗin kyamara, takardar wanke hoto da man janareta sun yi tashin gwauron zabo. Ga kuma wayar hannu da kusan kowane ɗan biki ke ɗaukar hoto da ita kyauta.

Bugu da ƙari, bukukuwa sun fi yawa bayan kaka da gabanin azumi, da damina kuwa ciniki kan ja baya. Ma'auratan da ba su raba kuɗin cefane da na jari ba, a wannan lokaci ne sukan cinye uwar kuɗi.