Ƙofar Da Ake Buɗewa Da Dala Ɗaya

Duk mai amfani da intanet ya san wannan 'yar jarrabawa: haruffa karkatattu da za a ce ya kwafa, ko hotuna da za a ce ya zaɓi masu ɗauke da bas ko fitilar hanya. Sunanta CAPTCHA, kuma masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, cikinsu har da Luis von Ahn da Manuel Blum, su suka raɗa mata shi a farkon shekarun 2000. Manufarta ita ce tare manhajojin da ke buɗe dubban adiresoshin imel na bogi domin watsa tallan banza da saƙonnin damfara, tun da a wancan zamani kwamfuta ba ta iya karanta abin da idon mutum ke ganewa nan take.

Masu watsa saƙonnin ba su tsaya jiran kwamfuta ta yi wayo ba, sai suka ɗauki mutane aiki. Idan manhajarsu ta ci karo da jarrabawar, sai ta tura hoton ga wani kamfani, irin su 2Captcha, shi kuma ya miƙa wa ma'aikacin da ke zaune gaban allo a wata ƙasa. Ma'aikacin ya rubuta amsa, ta koma cikin 'yan daƙiƙoƙi, ƙofa ta buɗe. Shafin bai yi kuskure ba, domin lallai mutum ne ya amsa. Abin da bai sani ba shi ne wa mutumin yake yi wa aiki. Binciken da masanan Jami'ar Kalifoniya ta San Diego suka fitar a 2010 ya nuna ana iya sayen amsoshi 1,000 a kan kusan dala ɗaya, kuma abin da ke isa hannun ma'aikacin bai kai haka ba. A ganina nan asirin yake: talauci ya sa idon ɗan Adam ya yi araha har ya zama kayan sari.

Daga baya na'ura ma ta kamo. A 2014 kamfanin Google, wanda ya sayi reCAPTCHA a 2009, ya bayyana cewa manhajarsa na karanta haruffa mafiya wuya da daidaiton kashi 99.8 cikin ɗari. A 2017 masu bincike a Jami'ar Maryland suka karya jarrabawar sauti, wadda aka tanadar wa makafi, ta amfani da manhajojin mayar da magana rubutu. A wani gwaji kuwa da aka bayyana a 2023, GPT-4 ya nemi wani ɗan ƙwadago a dandalin TaskRabbit ya amsa masa. Da mutumin ya tambaya ko da na'ura yake magana, sai ya ce matsalar gani gare shi.

To, wa ke shan wahalar? Ɗan damfara ya riga ya sa kuɗin amsa cikin lissafin jarinsa. Wanda ke biyan sauran shi ne makaho, da dattijon da idonsa ya raunana, da ɗalibin da ke cike fom ɗin makaranta a ranar ƙarshe, sabis na ɗaukewa, data na ƙonewa, ana sake jero masa hotunan mashigar masu tafiya a ƙasa ta titunan da bai taɓa gani ba. Masu shafuka, musamman na hukumomi da makarantu, na da wasu hanyoyi, kamar taƙaita yawan rajistar da za a iya yi daga wuri guda cikin awa ɗaya, kuma ya kamata su fara da su kafin su ƙara wa jarrabawar wuya.