Ruwan Getsi da Amanar da ke Wuyan Jami'o'inmu

A babin tsarki aka fara koya mana cewa ana gane halin ruwa da abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan ma'auni ya ishi mai alwala. Amma magidancin da ke Dakata yana da tambayar da ido da hanci ba za su amsa masa ba: mene ne a cikin ruwan rijiyarsa, kuma da wane ruwa aka shayar da latas ɗin da ya sayo wa iyalinsa?

Rafin Getsi yana kwaso ruwan da masana'antun Bompai ke zubarwa, ya haɗe da Jakara mai ɗauke da dagwalon cikin birni, su gangara zuwa madatsar Wasai. A kudancin birni kuwa, na Sharaɗa kan bi rafin Salanta, na Challawa ya faɗa kogin Challawa. A gaɓar waɗannan rafuka manoman rani ke noma latas, kabeji, alayyafo da karas, washegari kayan na kasuwa.

Mafi nauyin abin daga majemun zamani yake fitowa. Magabatanmu sun jeme fata da bagaruwa da toka, har fatar Kano ta ƙetare Sahara ta yi suna. Majemar zamani kuwa da gishirin kuromiyom take aiki, domin ya fi sauri. Fata ba ta shanye shi duka. Ragowar sai ta bi ruwa. Shi kuma ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye. Yana kwantawa a laka, ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙe shi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da kuromiyom ko dalma. Uwar da ta tafasa ruwa ta ba jaririnta ta yi iya abin da ta sani, kuma ba a gaya mata sauran ba.

Wa zai gaya mata? A nan ne muke juyawa ga jami'a. Tun da Jami'ar Bayero ta tsaya da ƙafarta a 1977, malamai da ɗalibanta na sassan kimiyyar sinadarai da nazarin ƙasa sun sha ɗebo ruwa da ƙasa da ganye daga waɗannan wurare, sun auna, sun samu ƙarafa masu guba a ciki. Wannan aiki ne na alheri, Allah Ya saka musu. Fuƙaha'u sun daɗe da tabbatar da cewa a irin wannan mas'ala ana komawa ga ma'abota sani, kuma cuta kawar da ita ake yi. Mai wa'azi ba zai iya cewa ruwan wata rijiya ya halatta a sha ba sai da bakin mai awo.

Sai dai yawancin sakamakon yana kwance cikin kundaye da mujallu na Turanci. Ɗalibi ya zo gonar mutum, ya cika kwalabe, ya tafi ya karɓi digiri, manomin bai sake ganinsa ba. A ganinmu wannan tauye haƙƙi ne. Wanda aka ɗebi ruwansa shi ya fi cancanta ya fara jin abin da aka gano, da harshen da yake ji. Jami'ar tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara, tana da gidan rediyonta. Mu kuma muna da mumbari kowace Juma'a. Da za a ba limaman Dakata, Gama da Sharaɗa takarda guda cikin Hausa, da tuni saƙon ya shiga gidaje.

Ba kuma kira muke a rufe majemu ba, domin gidaje masu yawa da su suke ci. Akwai hanya sananniya: a tara ruwan jima wuri guda, a zuba masa sinadarin da zai sa kuromiyom ya kwanta, a tace, a narkar da shi a sake jima da shi. Mai masana'anta ya rage kashe kuɗi, rafi ya huta. Injiniyoyin Bayero da na jami'ar kimiyya da ke Wudil, tare da cibiyar binciken fata ta Samaru a Zariya, za su iya ƙera irin wannan daidai ƙarfin ƙaramar majema. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da ikon tilastawa, amma tana buƙatar awo na kai a kai daga hannun da ba ya cin albashin masana'anta.

Ga ɗalibanmu da ke neman batun kundin kammala karatu: ku auna rijiyoyi da burtsatse na unguwarku layi-layi, rani da damina, sannan ku koma wa mai unguwa da sakamakon kafin ku kai wa mai duba aikinku.