Sana'ar kula da numfashin majinyata: karatun shekara 3 a Kebek

A asibitocin Kanada akwai ma'aikacin da ya ƙware kan numfashi. Shi ke sarrafa na'urar taimakon numfashi a ɗakin masu jinya mai tsanani, ya ba masu asma maganin shaƙa, ya kuma taimaka wajen sa majinyaci barci lokacin tiyata.

A lardin Kebek ana kiransa inhalothérapeute. Karatun shekara 3 ne a kwalejin cégep, kuma galibin shekarar ƙarshe a asibiti ake yin ta. Ko da difloma a hannu, babu aiki sai da rajistar ƙungiyar sana'ar, OPIQ.

Mai niyyar karatun ya lura: a Faransa babu wannan sana'a, malaman jinya da masu gashin ƙashi ke raba aikin.