Garin Ƙarfe da Kyandir: Darasin Ɗan Maƙeri Ga Makarantun Ƙasar Zuru

Duk ɗalibin da ya karanta kimiyya a sakandare ya san wannan zane: sandar maganaɗisu a kwance, layuka sun fito daga ƙarshenta na arewa, sun lanƙwaso sun shige ta kudu. Malami ya zana a allo, yara su kwafa, ranar jarrabawar WAEC ko NECO su mayar da shi yadda aka ba su. To, nawa ne daga cikinsu suka taɓa ganin layukan da idonsu? Idan aka tambaya, amsar da aka saba ji ita ce babu kayan gwaji. A wasu darussa wannan uzuri ne mai ƙarfi. A darasin maganaɗisu kuwa bai karɓu ba, domin kayan aikin suna zube a kasuwar Zuru.

Mutumin da ya kafa wannan fahimta, Michael Faraday, ɗan maƙeri ne da aka haifa a Ingila a 1791. Karatunsa na makaranta bai yi nisa ba, wajen mai ɗinkin littattafai ya yi koyon sana'a, kuma har ya rasu bai ƙware a lissafi mai zurfi ba. A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki, kuma a kan wannan ƙa'ida injinan madatsar ruwa ta Kainji suke aiki, haka ma ƙaramin janareto na mai shagon caji. A 1851 ya riƙa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda mai kakin zuma da ya ɗora bisa maganaɗisu, kakin ya riƙe garin a inda ya jeru. Wasu daga cikin takardun suna nan ajiye a cibiyar Royal Institution da ke Landan. Waɗannan layuka ne James Clerk Maxwell ya ɗauka daga baya ya mayar da su lissafi.

Malami a Zuru, ko Ribah, ko Mahuta zai iya maimaita aikin. Maganaɗisu yana cikin matattun sifikun da masu gyaran rediyo ke jefarwa. Garin ƙarfe yana ƙarƙashin magagarin maƙera da dutsen wāshin masu walda. A tankaɗe shi da rariya a fitar da tsakuwa. Wanda bai samu ba ya sa maganaɗisu cikin leda ya ja shi a yashin da ruwan sama ya tara, sau da yawa zai kwaso baƙin gari mai mannewa.

Sai a narkar da kyandir a shafe takarda mai kauri da shi siriri, a bari ya sandare. A ɗora ta bisa maganaɗisun, a tokare gefunanta da littattafai don ta daidaita, a barbaɗa garin daga sama kaɗan-kaɗan. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, domin gari mai yawa dunƙulewa yake yi ya rufe siffar. A ƙwanƙwasa gefen takardar da fensir, za a ga garin yana tsalle yana shiga sahu. Idan siffar ta fito, a ɗaga takardar sama sak, ba tare da an ja ta gefe ba, a kai ta nesa da maganaɗisun, a riƙe dutsen guga mai zafi a samanta ba tare da ya taɓa ta ba. Kakin zai yi laushi, garin ya nutse, yana hucewa zane ya zauna. Akwai kuma hanyar tsatsa, wadda ta fi arha: a yi aikin a kan farin ƙyalle, a fesa masa ruwan gishiri a hankali, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, sannan a kakkaɓe. Tabon da tsatsa ta bari ba ya fita da sauƙi, kamar yadda duk mai wanki ya sani.

Maganaɗisun sifika yana da wani abin mamaki da zanen littafi bai shirya ɗalibi gare shi ba. Zobe ne, kuma arewarsa da kudunsa suna kan fuskokinsa biyu masu faɗi. Idan aka kwantar da shi, layukan bazuwa suke yi ta kowane gefe kamar hasken rana a zanen yara. Sai an tsayar da shi a kan gefensa sannan sananniyar siffar nan mai lanƙwasa take bayyana. Yaron da ya ga bambancin zai tambayi dalili, kuma tambayar ta fi shafi guda na hadda amfani. Idan aka haɗa biyu, arewa na fuskantar arewa, za a ga wani ɗan fili a tsakiya inda garin bai jeru ba, wurin da ƙarfin ɗaya ya soke na ɗaya.

Wajibi ne malami ya faɗa wa yara cewa layukan ba zare ba ne da ke rataye a iska. Kowane ƙwayar gari tana zama ƙaramin maganaɗisu, ta kama ta gabanta, sai su yi sarƙa. Ƙarfin yana nan har a tsakanin layukan inda ido ke ganin takarda fara.

Me ya sa za a damu da adana zanen? Siffar da ba a kafe ba, iskar hunturu ɗaya ta shigo ta taga ta isa ta share ta. Wadda aka kafe kuwa ana iya auna ta, a gwama ta wannan rukuni da ta wancan, a rubuta mata kwanan wata, a liƙa ta a bango don 'yan aji na baya. A yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, inda rashin tsaro ya sha katse karatu, takardar da yaro zai tafi da ita gida ya ci gaba da dubawa ba ƙaramin abu ba ce.

Tun 2020 Zuru take da Jami'ar Noma ta Tarayya, wadda ta tsiro daga tsohuwar Kwalejin Noma. Ɗaliban da za ta ɗauka za su yi hulɗa da injin ban ruwa da na niƙa da na tarakta, kuma duk mota mai aiki da lantarki a cikinsu maganaɗisu ne ke juya ta. A ganina, ya dace malaman jami'ar su ware rana guda su tara malaman kimiyya na ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba, su yi wannan aiki tare da hannunsu. Sharaɗi biyu kawai za a jaddada musu: a rufe tagogi kada garin ya shiga idon yara, kuma a naɗe maganaɗisun da leda tun farko, domin idan garin ya manne masa kai tsaye, ɓanɓare shi aiki ne na yini guda.