Amshi a Aji Ba Karatu Ba Ne

A mafi yawan makarantun firamare na gwamnati a Arewacin Najeriya, yini guda ne ake ta maimaitawa daga Litinin zuwa Juma'a. Yara su iso da sassafe su yi shara, a buga ƙararrawa a yi layi, a duba farce da tufafi, a rera taken ƙasa, hedimasta ya yi 'yar nasiha, kowa ya nufi ajinsa. Malam ya kira suna, monita ya goge allo, a rubuta kwanan wata a kusurwa. Daga nan darussa su biyo juna bisa jadawali, kowanne wajen minti 30 zuwa 35: Hausa, Turanci, lissafi, kimiyya, addini. A fita tara a ci ƙosai ko awara, a dawo, wajen azahar a tashi. Wanda ya bi ta bayan taga a tsakanin nan zai ji ajin ya ɗauki sauti, malam na faɗa yara na amsawa da murya ɗaya, sai ya wuce yana cewa karatu na tafiya. A ganina wannan sautin shi ne abin da ya fi yaudarar iyaye da malamai da masu duba makarantu. Ba da ƙarfin amshi ake auna yinin ajin firamare ba. Ana auna shi da mintocin da kowane yaro ya karanta da bakinsa shi kaɗai, ya rubuta da hannunsa, kuma wani babba ya saurare shi ya gyara masa.

Mu dubi abin da ke faruwa a lokacin amshi. Malam ya rubuta jimla a allo, ya ɗora sanda a kanta ya karanta, aji ya maimaita sau biyar, sau goma. A cikin yara 80, ƙila goma na gaba ne ke bin sandar da ido suna haɗa harafi da sauti. Sauran kunne suke bi. Yaron da ke can baya, wanda ko rubutun allon ba ya hangowa sosai, yana jiran na kusa da shi ya buɗe baki ne ya bi sahu, kuma yara gwanaye ne a wannan, domin ba ya ɗaukar su ko daƙiƙa guda. A ƙarshe malam ya tambaya ko an gane, aji ya amsa da ƙarfi cewa an gane, a kwafi abin da ke allo cikin littafi. Kwafin ma yakan zama zane: yaro na iya cika shafi da kyakkyawan rubutu yana kwaikwayon siffar haruffa, alhali in aka rufe allon aka nuna masa kalma ɗaya daga abin da ya rubuta, ba zai iya furta ta ba. Ta haka yaro ke tashi daga aji ɗaya zuwa aji huɗu ba wanda ya taɓa gano cewa bai iya karatu ba, domin ba a taɓa jin muryarsa ita kaɗai ba.

Wannan ba zato ba ne, an gwada an gani. Akwai gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA, wanda aka ƙirƙiro a 2006 kuma aka yi amfani da shi a ƙasashe da dama. Ba shi da wani sarƙaƙiya: a zaunar da yaro shi kaɗai, a miƙa masa ɗan gajeren labari, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan a yi masa tambayoyi a kan abin da ya karanta. Da aka yi shi da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, an tarar mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, a harshen da suke magana da shi a gida. Waɗannan fa yara ne da ke zuwa makaranta, suke kuma amshi kullum. Matsalar ba ta tsaya a kanmu ba. A ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, kusan yara 9 cikin 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara goma da haihuwa. Tun shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, da shirin ilimin matakin farko (UBE) da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, hankalin hukuma ya fi karkata ga shigar da yara aji. Abin da ke faruwa bayan sun zauna, ba a cika tambaya ba.

Abin mamaki shi ne, maganin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ma akwai hayaniya, har ta fi ta boko, amma tsarinta daban yake. Kowane yaro da allonsa da inda karatunsa ya tsaya: wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa a izu. Kowa zai zo gaban malam ya biya nasa shi kaɗai, kuma ba a ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari sai malam ya ji da kunnensa cewa ya riƙe. Ko me mutum zai ce game da sauran matsalolin tsangaya, wannan ƙa'ida ɗaya ta gaskiya ce: ba a ciyar da yaro gaba don shekara ta zagayo, sai don ya iya. Ajin boko ya karɓi rerawar ya bar biyawar.

Masu binciken ilimi sun iso wannan wuri ta wata hanya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa. Ana gwada kowane yaro na 'yan mintoci a ga inda yake: bai san haruffa ba, ko ya san haruffa, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko labari. Sai a ware wani lokaci a kullum a raba yaran bisa wannan mataki, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, a riƙa sake gwada su ana matsar da wanda ya ci gaba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka shafe shekaru suna gwada tsarin a jihohin Indiya, suka kuma nuna cewa yana ɗaga karatun yaran da aka bari a baya. An kawo shi Najeriya, har an gwada shi a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Haka ma littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, an gina darasinsu a kan matakai uku: malam ya yi yara na kallo, a yi tare, sannan yaro ya yi da kansa. Matakai biyun farko kowane malami yana yin su ko ba a koya masa ba. Na ukun ne ke faɗuwa in lokaci ya ƙure, alhali dominsa aka yi na farko da na biyu.

Hujjar farko da malami zai kawo, kuma hujja ce mai nauyi, ita ce cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a cikin birane irin su Kano ba abin mamaki ba ne a ga fiye da 100 a ɗaki guda, wasu a ƙasa, wasu a bakin ƙofa. In aka raba minti 35 ga yara 80, kowa bai kai rabin minti ba. Gaskiya ne, amma ba wanda ya ce a saurari kowa a kowace rana. Malamin da ya ware minti takwas a darasin karatu ya saurari yara takwas, minti ɗaya ɗaya, yana yi wa sunansu alama a rajista, zai zagaye ajin 80 cikin kwanakin makaranta goma. A zango ɗaya ya ji muryar kowane yaro wajen sau biyar ko shida, maimakon babu ko ɗaya. Sauran yaran kuma ba zaman banza za su yi ba: a haɗa su bibbiyu, ɗaya ya karanta yana bin layi da yatsa, ɗayan ya saurara, sai su yi musanya. Shifta ma hanya ce mai arha. Malam ya faɗi kalma biyar da ba sa kan allo, yara su rubuta su ɗaga sama, da kallo ɗaya ya san wa ya iya wa ke leƙen na maƙwabci. A lissafi kuwa, tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma goma da murafun kwalba sun isa su nuna ko yaro ya fahimci dalilin da ya sa ake aro a ɗebewa, ko haddar dokar kawai ya yi. Cunkoso na rage abin da za a iya yi, amma shi ne ma ya sa sauraron ya zama tilas, domin a ajin yara 20 malam zai lura da wanda ya ɓace ko bai nema ba.

Hujja ta biyu ita ce manhaja. Malami na da abin da aka tsara masa ya koyar kowane mako, kuma idan jami'an duba makarantu suka zo daga ƙaramar hukuma ko hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB), abin da suka fi tambaya shi ne littafin shirin darasi da inda aka kai a manhaja. Wanda ya tsaya gyara karatun yara zai zama kamar ya yi lalaci. A nan laifin ba na malami ba ne, na ma'aunin ne. Sai dai a tambaya: me aka gama in an kai ƙarshen manhajar kimiyya ta aji huɗu a gaban yaran da ba sa iya karanta tambayar jarrabawa? Kowane darasi daga aji huɗu zuwa sama yana hawa ne a kan karatu. Da jami'in duba makaranta zai riƙa kiran yara biyar daga tsakiya da bayan aji, ba waɗanda malam ya zaɓo ba, ya ba su shafin da ba su taɓa gani ba, da yinin aji ya sauya fasali cikin zango ɗaya ba tare da an sake rubuta wata manhaja ba. Malami, kamar kowane ma'aikaci, yana yin abin da ya san za a tambaye shi.

Akwai kuma masu cewa hadda gadonmu ce, kuma ita ta yi malaman da muke taƙama da su. Ban ce a kore ta ba. Jadawalin sau, da jerin haruffa, da waƙoƙin ƙirga, duk amshi na taimaka musu, yana kuma ba yaro mai kunya damar buɗe baki a cikin taro kafin ya iya shi kaɗai. Inda take zama illa shi ne in ta cinye darasin duka, har ta zama ita ce shaidar cewa an koya.

Batun harshe ya fi kowanne zafi. Iyaye da yawa na ganin yaron da ya dawo gida yana rera jimlolin Turanci shi ne ya yi karatu, darasin Hausa kuwa ɓata lokaci ne tunda ya riga ya iya. Amma iya magana daban, iya karatu daban, kuma karatu sau ɗaya ake koyonsa. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu ya gane yadda gaɓa ke haɗuwa zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, kuma in ya karanta ya san ma'anarta, don haka zai ji da kansa in ya yi kuskure. Yaron da aka fara masa da Turanci yana fama da abu biyu a lokaci guda, haruffa da harshe, mafitarsa ɗaya ita ce amshi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Nijar ma ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. A Najeriya manufar ta yi ta kai da komo: ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a azuzuwan farko, a 2022 aka faɗaɗa zuwa shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan aka koma Turanci. Ko wace manufa ke aiki, malamin aji ɗaya a ƙauyen Gumel ko Illela da Hausa zai yi bayani, domin ba shi da wata hanya. Abin da ya rage shi ne ko zai bar yaron ya koyi haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, ya kuma saurare shi yana yi.

Abu ɗaya ne dabarar malami ba za ta maye gurbinsa ba, shi ne littafi a hannun yaro. Ba a koyon karatu daga allon da ake gogewa bayan minti 30, kuma karatun bibbiyu ba ya yiwuwa in littafi ɗaya ne a teburin malam. Da yawa daga littattafan karatun Hausa na ƙananan azuzuwa da suka shiga makarantu a shekarun nan da kuɗin masu ba da agaji na waje aka buga su, kuma rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025 ya nuna cewa kuɗin agaji ba abin dogaro ba ne. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, kuma jiha na karɓar babban kasonta ne in ta ajiye nata daidai da shi, abin da jihohi da dama kan yi jinkirin yi har kuɗin su taru a Abuja. Littattafan an riga an rubuta su, an gwada su a aji. Abin da ake jira daga hukumomin SUBEB shi ne su sa kuɗin sake buga su a kasafin kowace shekara, domin littafin da ke yawo a hannun ɗan shekara bakwai ba ya daɗewa kafin ya yage.