Gambo Sawaba, 'Yar Sabon Gari

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan mulki ba su so baƙin da ya kwaso su shiga cikin ganuwa su cuɗanya da Zage-zagi ba. Sai aka yanka musu fili a ƙetaren kogin Kubanni, kusa da tasha, aka fitar da layuka. Akawuna, makanikai, leburori da 'yan kasuwa suka tare: Yarabawa, Ibo, Nufawa, Hausawan Kano da Katsina, har da mutanen Gwalkwas, wato Gana ta yau. Sabon Gari ke nan, wadda ta bunƙasa har ta zama ƙaramar hukuma mai mazaɓu irin su Jushi, Muciya, Cikaji, Hanwa da Samaru. Tun farkonta kamar wata 'yar ƙasa ce mai cin gashin kanta, inda yaro kan tashi da harshe uku ko huɗu a bakinsa ba tare da ya taɓa barin layinsu ba.

Cikin baƙin nan akwai wani ma'aikacin reluwe, mutumin Gwalkwas, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Isa. Ya auri wata Banufiya mai suna Fatima. A ranar 15 ga Fabrairu, 1933 suka haifi 'ya mace, aka raɗa mata suna Hajaratu. Da yake tagwaye take bi, sai ake ce mata Gambo.

Tun tana ƙarama aka san ta da shiga faɗan da ba nata ba. In ta ga babba ya tsare ƙarami a hanya, ba ta tsayawa jin ba'asi, sai ta janye ƙaramin ta karɓi faɗan. Ana ba da labari cewa yawan dawowa gida da yagaggiyar riga ya sa mahaifiyarta ta koma ɗinka mata tufafi da yadi mai kauri irin na tamfol. An sa ta makarantar En'e ta Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, bayan shekara uku mahaifiyar ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma auren bai daɗe ba. Duk abin da ta faɗa daga baya a kan aurar da ƙananan yara da hana 'ya'ya mata karatu, a jikinta ta fara sanin sa.

A ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Talakawa suka ji ana faɗin abin da ya daɗe yana cin ransu: haraji da jangali, aikin tilas, zaluncin 'yan doka da wasu alƙalai. Kirarin NEPU shi ne Sawaba, na abokiyar hamayyarta NPC kuwa Salama. A Zazzau ta wancan zamani, shiga NEPU na iya jawo wa mutum korar aiki, ko ƙwace gona, ko bulala a gaban alƙali, shi ya sa magidanta da yawa suke ɓoye katinsu. Gambo ta yanki nata tana 'yar shekara 17. A wata lacca da aka yi a Zariya, wurin cike da maza, kowa yana jin nauyin fara magana, ta tashi ta hau dandamali ta faɗi abin da ke ranta. 'Yan jam'iyya suka laƙaba mata Sawabiya, sunan ya bi ta, kuma ba da jimawa ba ta zama shugabar matan NEPU.

Labarin Funmilayo Ransome-Kuti ya riga ya iso Arewa, matar da ta jagoranci matan Abekuta a kan harajin mata har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Gambo ta yi takakkiya har Abekuta ta same ta, ta ga yadda ake tara matan kasuwa su zama murya guda. Da ta dawo sai ta duba nata yanayin. Matan Arewa da yawa suna cikin kulle, ba za su zo lacca ba. Don haka ita ta je musu, gida gida, inda namiji ɗan siyasa ba shi da ikon wuce zaure. Wannan ne ya fi tayar wa hukuma hankali. A 1952, a Kano, aka kama ta da laifin fito da matan kulle, alƙali ya ɗaure ta. Daga baya En'e ta kore ta daga Kano gaba ɗaya.

Daga nan gidan yari ya zama mata wurin zuwa da dawowa. Masu bin tarihinta sun ƙirga ɗauri 16. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan bangar siyasa sun taɓa yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Ta warke ta koma kan dandamali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon shekarun nan Gambo ba ta da ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi layi sun zaɓi wanda suke so, matan Arewa kuwa doka ta hana su, domin shugabannin NPC sun ce lokaci bai yi ba. Haka aka sake yi a 1964. Ita ce ke tara jama'a, ita ce ake ɗaurewa, amma ran zaɓe sai ta tsaya gefe tana kallon maza, ciki har da waɗanda suka yi shiru ranar da ta hau dandamali. Hukumar da ta ga ta isa a ɗaure ta saboda siyasa ita ce ta ce ba ta isa ta jefa takarda a akwati ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. A 1976 shekarunta 43.

A Jamhuriya ta Biyu ba ta bi jagoran NEPU, Malam Aminu Kano, zuwa jam'iyyar PRP ba. Ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai kiran siyasa ba da gaba ba, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyya. Ba ta yi kuɗi da siyasa ba. Mutanen Sabon Gari sun fi tuna ta da gidanta, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa: marayu da ta riƙe tamkar ita ta haife su, masu taɓin hankali da take yi wa wanka ta ciyar, baƙon da dare ya yi masa a tasha. Ba ta tambayar ƙabila ko addini kafin a zuba wa mutum tuwo, kuma ina ganin wannan tarbiyyar unguwar da ta haife ta ce.

Ta rasu a Zariya a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. Babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. A ranar zaɓe, duk wanda ya zagaya rumfunan Jushi ko Samaru zai ga layin mata yakan yi kafaɗa da na maza, wani wurin ma ya zarce shi. A Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023 kuwa, mata 4 ne cikin sanatoci 109, kuma babu ko ɗaya daga jihohin Arewa maso Yamma bakwai.